Tarihin Gudanar da Makarantun Gwamnati a Suame, Kumasi

Suame gunduma ce a arewacin Kumasi, a yankin Ashanti na ƙasar Ghana, wadda ta shahara da unguwar makanikai ta Magazin. Rubuce-rubuce sun saɓa kan shekarun da hukumomin makarantunta suka kafu, shi ya sa aka bi lafazin dokoki a nan.

Kafin 1987

A zamanin Turawa, mishan ne ke riƙe da yawancin makarantun boko a Kumasi, gwamnati tana ba su tallafi. Mutanen zango, wato unguwannin Musulmi, kuwa sun riƙe makarantun allo, inda malami ne wuƙa da nama. Dokar Ilimi ta 1961, ta zamanin Kwame Nkrumah, ta wajabta karatun firamare kyauta, ta ɗora wa ƙananan hukumomi gina makarantu da kula da su. A 1974 aka kafa Hukumar Ilimi ta Ghana, wadda ɗaukar malamai da sauya musu wurin aiki ke hannunta har yau.

Daga 1987 zuwa 1995

A waɗannan shekaru, ƙarƙashin Jerry Rawlings, aka gina tsarin da ake bi yanzu. A 1987 aka sake fasalin karatu, aka kuma buɗe Sashen Ilimin Musulunci a cikin hukumar. Wannan ne babban sauyi ga zango. Makarantar da ta shiga sashen, gwamnati ke turo mata malaman boko ta biya su, mai makaranta ya ci gaba da kula da Larabci da addini. Iyayen da a da suke tsoron boko zai raba 'ya'yansu da addini suka sami mafita. Sai dai mai makaranta ya rasa ikon zaɓen shugaban malamai shi kaɗai.

A 1988 doka ta kafa majalisun gundumomi 110. Dokar hukumar ilimi ta 1995 kuma ta samar da kwamitin sa ido kan ilimi a kowace gunduma. A wannan lokacin ne kwamitocin gudanarwa na makarantu suka samu gindin zama. Wasu marubuta suna jingina su ga shirin ilimi kyauta na 1996, amma dokar ta riga shirin.

Kwamitin makaranta yakan haɗa shugaban malamai, wakilin sarkin yanki, ɗan majalisar unguwa, wakilan iyaye da na malamai, da wakilin masu makarantar. Ba a zaɓensa da ƙuri'ar jama'a. Tun 2005, da aka fara ba makarantu kuɗi bisa yawan ɗalibai, sai da amincewarsa ake kashe kuɗin, amma ba ya ɗaukar malami, ba ya kora.

Gundumar Suame

Suame tana ƙarƙashin majalisar birnin Kumasi har aka yanke ta. Takardar dokar kafa gundumar ta fito a 2017, aka ƙaddamar da majalisarta a Maris 2018, kuma daga nan ya dace a fara lissafin shekarunta. Gundumar tana da nata daraktan ilimi. Dokar Ilimi ta 2008 ta ba shugaban gunduma jagorancin kwamitin sa ido, shi kuwa shugaban ƙasa ke gabatar da sunansa, 'yan majalisar gunduma su amince. Saboda haka iyayen Suame suna da kujera a kwamitin makaranta, amma manyan shawarwari daga sama suke saukowa.