Kaba da Roba a Gindin Bedi: Tarihin Tabarmar Madawa

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Damagaram ya san akwai garuruwan da ba a wuce su hannu rabbana. Galmi takan sallami matafiyi da albasa, Madawa kuwa da tabarma. Tabarmar nan ta kaba, mai ratsin ja da baƙi da kore a kan farin ganye, ta kai sunan garin wuraren da mazaunansu ba su taɓa taka jihar Tawa ba. Sai dai wanda ya leƙa ƙofofin gidaje a yau, ko a cikin Madawa ɗin kanta, ko Buza, ko Keita, zai tarar sau da yawa abin da dattawa suke zaune a kai a gindin bedi tabarmar roba ce. Yadda aka yi roba ta karɓe wannan wuri daga hannun kaba, shi ne abin da muke son mu bi diddiginsa.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai sana'a sukutum da ta tsaya a kan kayan zaman waje. Ana ɗinka matasan kujeru da laima da rumfunan lambu da wani yadi na musamman da ba ya jin rana ko ruwa. Sirrinsa shi ne ana zuba launi tun sinadarin yana narke, kafin a mayar da shi zare, don haka rinin yana cikin jikin zaren, rana ba ta saurin cinye shi. Kamfanin Glen Raven na Amurka ya fito da irin wannan yadi a 1961 da sunan Sunbrella. Mu a wurinmu lambu ba wurin hutawa ba ne, wurin duƙawa ne a kan albasa da tumatir tun asuba. Wuraren hutawarmu su ne tsakar gida da ƙofar gida, da rumfar kasuwa, da inuwar itace. Amma matsalar da masu wancan yadi suka nemi warwarewa ita ce kakanninmu suka fuskanta tun da daɗewa: me za a shimfiɗa a waje wanda zai jure, kuma ya yi kyawun gani idan baƙo ya zo?

Yanayin ƙasar Adar da Majiya da Tarka ba ya raga wa kaya. Damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, amma idan ta zo takan zo da guguwa, ruwa ya gangaro daga kan duwatsu ya cika ƙoramu cikin sa'a guda. Daga nan sai hunturu da ƙurarsa, sai bazara wadda zafinta kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. A ƙarƙashin ƙasa kuma ga gara tana jira. Yadin auduga ba ya daɗewa a irin wannan hali, ga shi da tsada a zamanin da kowane zare sai an kaɗa shi da hannu. Don haka mutane suka koma ga tsirran da suka riga suka saba da wannan rana. Gamba ta ba su zana don danga da rufin rumfa, karan gero ya ba su darni da gadon kara, goruba kuma ta ba su kaba.

Goruba itaciya ce ta fadama da kwari, inda ruwan ƙasa ba shi da nisa, kuma ita ce ƴar uwar giginya da dabino da ke raba reshe biyu biyu. Abin da ake kira kaba shi ne ganyenta, musamman na ƙananan tohon da ke fitowa daga gindi. Ana yanko ganyen tun yana ɗanye bai gama buɗewa ba, a shanya shi ya yi fari, a tsage shi siri-siri. Wanda za a rina a dafa shi a tukunyar rini. Kafin a fara aiki sai a yayyafa masa ruwa ya yi laushi. Ba a saƙa tabarma gaba ɗaya kamar yadda masaƙi ke saƙa zane. Ana yin doguwar saƙa ce mai faɗin ƴan yatsu, ana yi ana naɗe ta, har ta kai kamu da yawa, sa'an nan a jera ta gefe da gefe a ɗinke da kabar kanta. A nan gwaninta take. Mai saƙa tana riƙe da zanen tabarmar duka a kanta tun kafin a ga komai, domin ratsin da ta sa a wannan layi dole ya haɗu da ɗan uwansa a layi na gaba bayan an ɗinke. Idan ta ɓata lissafi da tsage biyu kawai, adon ya karkace har ƙarshe. Galibi aikin mata ne, ana yin sa da rani bayan an kai amfanin gona rumbu, maza kuwa su tufka igiya da ragowar.

Ciniki ne ya fitar da kaba daga gida zuwa kasuwa. Tun bayan da Agabba ɗan gidan sarautar Agadas ya kafa mulkinsa a Adar, hulɗar wannan yanki da Abzin ta yi ƙarfi, kuma Abzinawan Kel Geres suka sauko suka zauna a Gobir Tudu, inda har yanzu sarautunsu suke a Galma da Azarori. Su ne manyan masu ayarin gishiri zuwa kasuwannin ƙasar Sakkwato. Ayari kuwa yana cin kaba: igiyar ɗaure kaya, da dabaibayin raƙumi, da abin naɗe gishiri don kada ya farfashe a hanya. Makiyayan sun zo da nasu ilimin zaman waje. Na Abzin suna rufa bukkokinsu da tabarmin kaba, na Azawak kuma da fatun awaki da aka jeme aka shafe da man shanu da jar ƙasa har ruwa ba ya ratsawa, suna kare iska da asabari mai adon fata. Bahaushen Gobir da Ba'adare da Ba'abzine sun yi ƙarnuka suna haɗuwa a kasuwa ɗaya, kowa yana ganin aikin hannun ɗan uwansa.

Launukan farko daga gona da daji suka fito. Karan dafi, wato irin dawar nan da ake nomawa don jan kubenta, shi ke ba da ja. Bagaruwa idan ta haɗu da ƙarfe tana ba da baƙi, kamar yadda dukawa suka sani. Saiwar rawaya kuma sunanta ya faɗi aikinta. A 1856 wani saurayi ɗan Ingila, William Perkin, ya gano rini na farko da ake haɗawa daga sinadarin kwal, kuma cikin ƴan shekaru masana'antun Jamus suka mamaye wannan kasuwa. Garin rinin nan da muke kira galura ya iso ƙasar Hausa ta hannun fatake da kantunan Turawa. Shi ya kawo kore mai haske da shunayya mai ɗaukar ido waɗanda a yau ake ɗauka tamkar tare aka haife su da tabarmar Madawa. Wannan abin lura ne ga masu cewa al'ada ba ta karɓar baƙo. Masu saƙa sun karɓi galura da hannu biyu, domin ta rage musu wahala ta ƙara wa kayansu farin jini, ko da yake rana tana kashe ta da wuri fiye da jan karan dafi.

Mulkin mallaka ya taɓa sana'ar ta wata fuska. Dokar daji da Faransa ta kafa wa ƙasashen Afirka ta Yamma a 1935 ta sa itatuwa a ƙarƙashin kulawar hukuma, kuma dokar daji ta Nijar ta 1974 ta jera goruba cikin itatuwan da aka haramta sarewa ba da izini ba. Niyyar mai kyau ce. Amma manomi ya fahimci abu guda: babbar itaciya a gonarsa ta hukuma ce, tana iya jawo masa tara, toho kuwa nasa ne. Goruba tana da wata ɗabi'a da ta dace da wannan lissafi. Idan aka sare ta, gindin ba ya mutuwa, sai ya riƙa fitar da toho. Idan aka ci gaba da yanke ganyen kowace shekara, tohon zai zauna a ƙasa har abada, yana ba da kaba amma ba ya zama itaciya, ba ya ƴaƴa, balle a sami sabon tsiro.

Sai fari ya zo, na 1973 zuwa 1974, sa'an nan na 1984. Maza suka tafi cin rani Najeriya da Kodebuwa da Libiya, aka bar mata da yara da tsofaffi. Macen da ba ta da gero a rumbu, ba ta da akuyar sayarwa, abin da ya rage mata wanda ba ya buƙatar jari shi ne kaba. Tabarma ta ciyar da gidaje masu yawa a waɗannan shekaru, kuma ba a cika ambaton hakan ba idan ana ba da tarihin yunwar. Amma hannu ya yi wa goruba yawa. Manyan aka sare su don azara da itacen girki, ƙananan aka aske su.

Wannan yanki ne kuma ya zama abin misali wajen farfaɗo da ƙasa. A 1975, wani ma'aikacin gandun daji na Buza, Dauda Adamu, tare da tallafin ƙungiyar CARE, ya fara dasa layukan bedi bibbiyu a kwarin Majiya don karya iska, tsakanin layi da layi mita 100, har suka kai ɗaruruwan kilomita. A 1984, shekarar da aka yi babban taron Maraɗi a kan yaƙi da hamada a zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka buɗe shirin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya da jagorancin hukumar FAO. An jera duwatsu, an haƙa ramukan tare ruwa, an gina madatsai, an dasa miliyoyin itatuwa, kuma mafi yawan masu ɗaukar dutse a ka mata ne da ake biya da abinci. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Bedi ya ba da inuwa da sandunan rumfa, bagaruwa da sauran itatuwan ƙaya suka rufe tsaunuka. Goruba dai ba ta cikin manyan itatuwan da aka dasa. Ƙwallonta yana da taurin tsira, saiwarta tana nutsewa ƙasa tun kafin ganye ya fito, ba ta son a tashe ta daga leda a dasa. Ga shi kuma masu tsara ayyukan zaizayar ƙasa ce damuwarsu. Inuwa ta dawo, amma abin shimfiɗawa a cikinta bai sami mai kula da shi kamar haka ba.

Abin mamaki, daga Italiyar nan da ta taimaki Keita ne kishiyar kaba ta samo asali. A 1954 masanin sinadarai Giulio Natta ya haɗa irin robar da ake kira folifurofilin, aka fara sarrafa ta a masana'anta a 1957. Da ita ake yin siraran bututun da inji ke saƙawa su zama tabarmar roba, da ita ake yin buhun taki da farar kujerar biki. Masana'antun Kano sun shiga wannan aiki, kuma lokacin da darajar naira ta faɗi daga 1986 alhali sefa tana tsaye, kayan Najeriya suka yi araha ƙwarai ga mai riƙe da sefa. Ta Ƙwanni da Bangi suka kwararo. Karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ya rage gudun abin, amma ido da jiki sun riga sun saba.

Adalci shi ne a faɗi abin da roba ta fi. Ba ta jin ruwa. Yaro ya ɓata ta, a watsa ruwa a goge. Gara ba ta ci, ba ta yin fumfuna idan an manta da ita a tsakar gida aka yi ruwan dare. Ba ta da nauyi, tana da faɗi, tana ɗaukar sahun masallata guda. Kaba idan ta jiƙa ba a shanya ta ba sai ta yi baƙi ta ruɓe. Uwar gida mai ƴaƴa shida da ta zaɓi roba ba ta yi wauta ba. Amma a gaban rana labarin yana juyewa. Hasken rana yana karya jikin wannan roba sannu a hankali, launi ya koɗe, bututun su bushe su riƙa karyewa suna tsikarin mai zama. Da bazara takan ɗauki zafi ta sa gumi, alhali kaba tana barin iska ta ratsa. Tabarmar kaba idan bakinta ya zare akan ɗinke shi, idan ta tsufa ta koma rufin rumfa ko ƙyauren akurki, daga ƙarshe ta zama taki. Tsohuwar tabarmar roba kuwa guntayenta suna nan a bola da gona shekara da shekaru. Dokar da Nijar ta yi a 2014 a kan ledojin zuba kaya ta tsaya, ba ta shafi wannan ba.

Kaba ba ta mutu ba. Har yanzu tana shiga kayan amarya, masu hannu da shuni na birni suna neman mai kyau don ƙawa, kuma baje kolin sana'o'in mata na SAFEM da ake yi a Yamai ya buɗe wa masu saƙa wata ƙofa. Abin da ke cikin haɗari shi ne tsakiyar sana'ar, wato tabarmar yau da kullum wadda yarinya ke koyon hannu a kanta. Mai saƙa ba ta fara da gwaninta. Sai ta yi tabarmi marasa ado masu yawa, an saya an ba ta kuɗin sabulu, kafin hannunta ya kai ga lissafin ratsi. Idan roba ta cinye wannan kasuwar ta ƙasa, matakalar ta karye, kuma zanen da ke cikin kan tsofaffi ba a rubuce yake ba. A nan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suke da abin yi wanda bai fi ƙarfinsu ba: a zauna da masu saƙa a Madawa da Bangi da Tamaske, a ɗauki sunan kowane ado yadda suke kiransa, a zana lissafin tsagensa a takarda, a shigar da shi darasin ayyukan hannu. Malamin lissafi ma zai sami abin koyarwa a ciki.

Ta fuskar itaciyar kuwa, dokar daji ta 2004 da yaɗuwar sassaben zamani, wanda ya faro daga jihar Maraɗi a shekarun 1980, sun sa manomi ya fara ganin itacen gonarsa a matsayin nasa. Dabarar tana aiki a kan goruba: a kowane gindi a zaɓi toho ɗaya ko biyu a hana wuƙa taɓa su, sauran a ci gaba da yankan kaba. Wahalar ita ce kaba a al'ada ta kowa ce da zarar an cire amfanin gona, mai gona ba ya iya hana mai yanka, kuma tohon da aka bari yana buƙatar shekaru masu yawa kafin kansa ya wuce bakin akuya da hannun mai lauje.