Kwamfuta Mai Kunnen Zomo

Duk wanda ya karya daga Kwanar Ɗangora ya ɗauki hanyar Jos, ya wuce Tudun Wada ya shiga dajin Falgore, ya san inda sabis yake ɗaukewa. Sai ka ga 'yan mota sun mayar da wayoyi aljihu an koma hira. A nan nakan tuna wata 'yar kwamfuta mai launin kore da fari, wadda aka ƙera domin yaran irin wannan yanki, amma gwajinta na farko a Nijeriya ya tsaya a gefen Abuja.

Sunanta XO. Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka ne ya fito da shirin a 2005, ya ce kowane yaro a ƙasashe matalauta zai mallaki kwamfuta ta dala 100. A watan Nuwamba na shekarar aka nuna samfurinta a Tunis tare da Kofi Annan, har da mariƙin da ake juyawa don caji. Mariƙin ya karye a wurin taron, kuma daga baya aka cire shi. Gwamnatin Obasanjo na cikin waɗanda suka fara nuna sha'awa, aka yi ta maganar sayen miliyan guda. Abin da ya tabbata shi ne kimanin 300 da aka kai makarantar firamare ta Galadima a 2007.

A matsayina na mai rubuta manhaja, har yau ina jinjina wa waɗanda suka zana ta. Ana iya karanta fuskarta a tsakiyar rana, ba ta shan wuta sosai, kuma yaro zai iya buɗe manhajarta ya ga yadda aka rubuta ta. Amma babban abin alfaharinta shi ne eriya biyu da ke miƙewa kamar kunnen zomo. Da su kowace kwamfuta take magana da maƙwabciyarta kai tsaye, ba turke ba kebul. Saƙo zai tashi daga ta wannan yaro ya faɗa ta wancan, ya yi ta tsalle har ya isa makaranta, inda intanet yake. Raga ce da yaran kansu suke saƙawa. A takarda, ƙauye guda zai iya rayuwa da layin intanet ɗaya.

A aji kuwa ragar ta zama matsala. Duka na'urorin iska ɗaya suke rabawa, kuma kowacce tana sanar da kanta tana kuma maimaita saƙon wasu. In sun yi yawa a ɗaki guda, sai abin ya koma kamar kasuwa, kowa na magana ba mai jin wani. In kuma gidaje sun yi nisa da juna, tsallen ba ya kaiwa. Da aka fitar da samfuri na gaba, XO-1.5, an bar wannan tsari. Sannan layin nan ɗaya da kowa ya dogara da shi, a Galadima ta tauraron ɗan'adam yake zuwa, ga kuɗin wata, ga janareto mai neman mai. Farashin ma bai sauka dala 100 ba, ya kusa ninkawa.

Sauran siyasa ce ta ƙarasa. Obasanjo ya sauka a Mayun 2007. Ministan ilimi na gwamnatin 'Yar'aduwa, Igwe Aja-Nwachukwu, ya fito fili ya tambayi amfanin kwamfuta ga yaran da ba su da ko bencin zama. Kamfanin Intel yana gefe yana tallar tasa, Classmate, a wata makaranta a Jabi. Sai kuma wani kamfani, LANCOR, ya kai ƙara kotu a Legas, yana cewa an kwaikwayi tsarin madannansa na Konyin, wanda aka yi domin haruffan harsunan Nijeriya. Wannan ne ya fi yi min ciwo. An kusa samun kwamfutar da yaro zai buga ƙ da ɗ da ɓ ba tare da dabara ba, aka ƙare a gaban alƙali.

Ba zan ce ministan bai da gaskiya ba. Yurugwai ta ba kowane ɗalibin firamaren gwamnati irin wannan kwamfuta zuwa 2009, amma ta haɗa da intanet a makarantu da wuraren gyara da horar da malamai. Peru ta raba da yawa a ƙauyuka, binciken bankin raya ƙasashen yankin na 2012 bai ga ci gaba a lissafi ko karatu ba.

To ta ina kwamfuta ta shigo rayuwar ɗalibin Kiru ko Doguwa? Ta ƙofar jarrabawa. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, a 2015 kuma ta soke takarda da fensir gaba ɗaya. Ba wanda ya tambayi ɗan Riruwai ko ya taɓa ganin linzami. Iyaye suka shiga biyan kuɗin koyo a shagunan kwamfuta, ana tsakurar kuɗin taki, yara suna zama uku a kan na'ura guda. Rajista tana farawa da saƙon tes, wato da turakun kamfanonin waya da suka fara aiki a 2001, amma ɗakin jarrabawa da kebul ake haɗa shi, kuma ba a shiga da waya.

Da hukumar ta ga dubban ɗalibai na daskarewa a gaban linzami, a 2017 ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede ta fito da tsarin madannai takwas. A, B, C da D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa, R na fasawa. Na taɓa zama da wata ƙanwata daga Bebeji kwana biyu kafin jarrabawarta, babu wuta, na zana mata su a bayan kwali. Ta haddace cikin minti biyar, sannan ta tambaye ni sauran madannan na mene ne.