Maukibin Ƙadiriyya a Birnin Kano: Tarihin Tuta da Bandiri

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano ya san ranar Maukibi, ranar da tituna kan cika maƙil da jama'a, tutoci na kaɗawa, bandiri na tashi. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi asalin wannan al'amari.

Ɗariƙar Ƙadiriyya tana jingina ne ga Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 1166. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma Baƙadire ne, kuma bayan jihadin da aka soma a 1804, tuta ce alamar iznin da ya riƙa bai wa almajiransa. Ashe ke nan martabar tuta a ƙasar Hausa ba yau ta fara ba.

Shi kuwa Maukibin Kano, Shehu Nasiru Kabara ne ya assasa shi a farkon shekarun 1950, don tunawa da Shehu Abdulƙadir a watan Rabi'ul Sani. Zuriyarsa daga Kabara ta kusa da Tambutu ta fito, shi ya sa unguwarsu da ke daf da gidan Sarki ta ci wannan suna. Daga nan ake tasowa rukuni-rukuni, kowace zawiya da makaranta da tutarta, ana zikiri, har a kai ziyara ga kaburburan waliyyai a maƙabartar Maigiginya. Da Shehu ya rasu a 1996, ɗansa Shehu Ƙaribullahi ya gaje shi.

Ba mu kaɗai ke irin wannan jerin gwano ba. Mabiya Katolika a birnin Sabil na ƙasar Sifen sukan ɗauko sassaƙaƙƙun siffofin Annabi Isa da Nana Maryamu a kafaɗa, su zaga gari a makon Ista. A nan Nijeriya ma, a 1947 limaman Katolika, cikinsu har da Fada Kevin Carroll, sun buɗe wurin sassaƙa a Oye-Ekiti, inda masassaƙan Yarbawa suka riƙa yi wa coci aiki da salon gargajiyarsu. Mu kuwa da yake Musulunci bai yarda da sassaƙa siffa don ibada ba, sai gwanintar ta koma ga rubutun Larabci da ɗinki da launi. Tela ya ɗinka tuta, marubuci ya zana sunan Allah da na Manzo da na Shehu, majemi ya gyara fatar bandiri.

Al'amarin bai rasa masu suka ba. Shehu Abubakar Gumi da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, sun ɗauki kaɗa bandiri da ziyarar kabari a matsayin bidi'a, malaman ɗariƙa kuma suka mayar da martani da nasu hujjojin.

Ko wane ɓangare mutum yake, tsohuwar tuta shaidar tarihi ce, kuma yadi ba ya jure wa gara da damina. Ya kamata ƙungiyarmu ta nemi dattawan da suka ga Maukibin farko-farko ta ɗauki bayaninsu, ta kuma roƙi masu tsofaffin tutoci su bari a ɗauki hotonsu a kai Gidan Makama. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.