Lasisi a Bango, Lamba a Kwali: Tarihin Ƙa'idojin Ƙaramin Asibiti

Yawancin iyalai a ƙasar Zuru, daga Dabai zuwa Ribah da Mahuta da Dirin Daji, ba babban asibiti suke fara nufa ba idan jiki ya ƙi daɗi. Ƙaramin asibitin da ke kusa, mai likita ɗaya da ma'aikatan jinya biyu ko uku, shi ne madogararsu. A can ake ganin takarda maƙale a bango, ana yage ledar sabon sirinji a gaban majinyaci, ana duba lamba a jikin kwalin magani. A matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, nakan ji ana cewa wannan duk iyayi ne na 'yan boko. Tarihi kuwa ya nuna akwai rayukan da suka salwanta kafin waɗannan ƙa'idoji su kafu.

Mu fara da sirinji. A shekarar 1989 zazzaɓin Lassa ya ɓarke a wasu asibitoci biyu a Jihar Imo. Mutum 34 suka kamu, 22 suka rasu, har da ma'aikatan lafiya. Binciken da aka yi daga baya ya gano cewa allura da sirinji da ake maimaita amfani da su daga wannan majinyaci zuwa wancan sun taimaka ƙwarai wajen yaɗa cutar. Mutum ya zo neman waraka, ya koma da ajalinsa. Ta wannan hanyar ce kuma ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki suke ratsawa, shi ya sa ƙa'idar take: sirinji ɗaya, mutum ɗaya, sau ɗaya.

Sai maganin kansa. A 1990 yara 109 suka mutu, akasari a Jos da Ibadan, bayan an ba su farasitamol na ruwa. An haɗa shi ne da wani sinadari mai guba da ake zubawa a man birki, wanda ke lalata ƙoda. Wannan masifa na cikin dalilan kafa hukumar NAFDAC a ƙarƙashin Doka ta 15 ta 1993. Hukumar ta yi ƙarfi daga 2001, lokacin da aka naɗa Dora Akunyili shugabarta, masaniyar magunguna wadda ta rasa 'yar'uwarta a 1988 sanadiyyar jabun allurar ciwon sukari. Ta ƙone jabun magunguna a bainar jama'a, ta kuma koya wa talaka neman lambar rajista a kwali. Duk da haka, a ƙarshen 2008 gubar nan ta sake ɓulla a maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu. Darasin a fili yake: doka ba ta tsare kowa idan an daina sa ido.

Takardar bango kuwa ta fi su tsufa. Tun 1963 doka ta kafa majalisar da ke yi wa likitoci rajista, wadda yau ake kira MDCN, kuma kowane likita sai ya sabunta lasisinsa duk shekara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara da cewa wurin jinyar ma sai ya mallaki takardar shaidar cika ƙa'ida. Ta haramta korar wanda ya zo cikin halin gaggawa, ta kuma wajabta yi wa majinyaci bayanin ciwonsa da hanyoyin magance shi ta yadda zai fahimta.

To, mai karatu, me wannan tarihi ya bar mana? Ya bar mana 'yancin tambaya. Masu duba asibitoci ba sa kwana a kowane ƙauye, amma iyalin majinyaci kullum suna wurin. Ku tabbata a gabanku aka buɗe sirinji, kuma an jefa shi a akwatin zubar da allura bayan an gama. Ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adin magani. Idan allurar rigakafi ce ko ta ciwon sukari, ku tambayi inda aka ajiye ta, domin zafin Maris da Afrilu yana kashe ƙarfinta idan babu firji mai aiki. Kada ku karɓi ƙwaya a ƙullin leda ba suna, ba bayanin yadda za a sha.

Na sani al'adarmu ta girmama likita, kuma kunya kan hana mu buɗe baki. Amma matambayi ba ya ɓata, kuma ma'aikacin kirki ba ya jin haushin tambaya, don ya san abin da ta tsare. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma sa masu jinyarsu su riƙe amana.