Takardar Likitan Ƙwaƙwalwa Kafin Wuƙar Tiyata

A watan Nuwamban 1966 jaridun Amurka suka ruwaito cewa asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ya buɗe sashen tiyatar sauya jinsi. Wasiƙu suka yi ta kwarara, amma ƙalilan ne suka kai ɗakin tiyata. Kwamiti ne ke tsaron ƙofa, kuma ba wanda ke wucewa sai likitocin ƙwaƙwalwa sun gamsu da shi.

A shekarar ne kuma Harry Benjamin, likita haifaffen Jamus mai aiki a New York, ya fitar da littafinsa a kan masu wannan buƙata. Ba a jima ba asibitoci suka ga abin al'ajabi: kusan duk wanda ya zo labari ɗaya yake bayarwa, tun daga ƙuruciya har girma. Ashe littafin suke karantawa suna miƙa wa juna, su haddace amsoshin da likita ke son ji. Laifin wa? Wanda ya san kalma ɗaya za ta hana shi abin da ya daɗe yana nema, ai dole ya iya bakinsa.

Shekarar 1979 ta zo da abubuwa biyu. Johns Hopkins ya daina tiyatar, bayan binciken wani likita mai suna Jon Meyer ya ce ba ta kawo wani sauyin a zo a gani a rayuwar waɗanda aka yi wa ba. Masana da dama sun soki hanyar binciken, amma shugaban sashen ƙwaƙwalwa, Paul McHugh, dama yana adawa da aikin. A ɗaya ɓangaren kuma ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Benjamin, wadda yanzu ake kira WPATH, ta fitar da ƙa'idojinta na farko: takardun amincewa biyu daga ƙwararru, da shekara guda da mutum zai yi yana rayuwa a jinsin da yake so, kafin a yi masa tiyata.

Wasu ƙasashen sun ƙara tsanani. Daga 1972 zuwa 2013, Sweden ba ta sauya wa mutum jinsi a takardun hukuma sai an kashe masa haihuwa. Daga baya gwamnati ta biya diyya.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire lamarin daga babin cututtukan ƙwaƙwalwa. Bugu na 8 na ƙa'idojin WPATH, na 2022, ya mayar da takardun amincewa da ake nema ga manya zuwa ɗaya, ko da yake wasu kamfanonin inshora a Amurka sun ci gaba da neman biyu.