Ɗanƙwairo da abin da jagoran kiɗa yake bari

A ranar 16 ga Yuli 1989 Herbert von Karajan ya mutu a gidansa da ke Anif, kusa da Salzburg ta ƙasar Ostiriya, wata uku bayan ya ajiye jagorancin babbar ƙungiyar makaɗan Berlin da ya riƙe tun 1955. Shekara biyu bayan haka, a 1991, Allah ya yi wa Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun rasuwa, lokacin Maradun tana ƙarƙashin jihar Sakkwato, ba a yanke Zamfara ba tukuna. Mai karatu zai iya ganin jera sunayen nan biyu neman magana ne, domin ɗaya yana tsayawa da siririyar sanda gaban mutum kusan ɗari masu takarda a gabansu, ɗayan kuwa a ƙofar fada yake zama da makaɗan kotso kaɗan, babu mai duba ko harafi. Amma a gindinta sana'ar ɗaya ce: mutum guda ya sa hannuwa da bakuna masu yawa su tashi tare, su sauka tare. A ƙasar Kurfai ta Nijar, daga Filinge zuwa Shikal da Tukunus, ba a buƙatar gabatar da Ɗanƙwairo, domin Rediyon Kaduna da kaset ɗin fatake sun daɗe da tsallako da muryarsa iyaka. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, babban aikin mutumin nan ƙungiyarsa ce, kuma irin wannan aikin ba ya rayuwa bayan mai shi sai an samu gidan da zai ci gaba da ciyar da shi.

A farkon ƙarni na 20 aka haife shi a ƙasar Bakura, cikin gidan kiɗa. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kuma da kiɗan noma gidan ya fara kafin ya koma na fada a Maradun. Da uban ya kwanta dama, ba Musa aka bai wa ragama ba, yayansa Kurna ne ya gaji gidan, shi kuwa ya yi shekaru yana amshi a bayansa. Wannan tsawon zama a sahun baya shi ne makarantarsa. Sai a farkon shekarun 1960, yana dattijo, ya fito sarari sosai, sa'ad da ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Wato ya san nauyin amshi a bakinsa kafin ya fara ɗora wa wasu.

Wanda ya saurari waƙarsa da kunnen basira zai lura cewa shi kansa ba ya yawan magana. Yakan jefa rabin jimla ya saki, 'yan amshi su cafe ta kafin ta faɗi, su ƙarasa, wani lokaci su rabu gida biyu, waɗannan su miƙa, waɗancan su karɓa, sannan duka su dunƙule su koma gindin waƙa a kan bugu ɗaya. A ƙarƙashinsu kotso na tafiya, ganga ce mai fata a baki ɗaya da ake bugawa da hannu, ana matse tsirkiyarta don sautin ya hau ko ya sauka, har ta riƙa bin karin maganar da bakin ke yi. Mutanen da ke bugunta su ne dai masu amshin. Idan jagora ya ga sarki ya gyara zama, ko wani basarake ya shigo, yakan sako sabon ɗan waƙa nan take, kuma ba za ka ji sahun baya ya yi tuntuɓe ba. Ba a yi shawara ba, ba a ɗaga hannu ba. Numfashinsa, da inda ya ja wasali, da yadda ya sassauta murya, su ne umarnin. Kafin mutane su kai ga fahimtar juna haka, sai sun yi shekaru suna kwana a masauki ɗaya, suna cin tuwo a akushi ɗaya, ana gyara musu kuskure a soro tun kafin a fita bainar jama'a.

Za a ce ai Ɗanƙwairo mawaƙi ne mai hikimar magana, kuma darajarsa tana cikin kalmominsa, kirari da zambo da habaici, saɓanin Karajan da bai ƙagi kiɗan da yake jagoranta ba, na su Beethoven da Brahms ne. Akwai gaskiya a nan, kuma malaman jami'a irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki mai yawa wajen taskace waƙoƙin makaɗan fada a rubuce. Sai dai duk wanda ya karanta waƙar Ɗanƙwairo a takarda ya san rabinta ya samu. Kalmomin suna nan, amma ba a ganin wurin da baki biyar suka haɗu suka zama ɗaya, kuma wannan wurin ne yake tayar da tsikar jiki. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana iya ɗaukar waƙa shi kaɗai tun daga farko har ƙarshe, amshi na maimaita gindi kawai. Waƙar Ɗanƙwairo ba ta yiwuwa haka. An gina ta ne a kan mutanen da ya horar, kuma da a ce an sauya masa su a dare ɗaya da waɗansu masu daɗin murya, da gari ya waye ba shi da waƙa.

Akwai kuma masu cewa tunda an naɗi muryarsa, yau ga ta a kowace wayar hannu, to gado ya tsira. Naɗi yana riƙe abin da aka yi a rana guda, a gaban sarki guda. Ba ya koya wa yaro inda zai shigo idan jagora ya sauya hanya ba zato, domin a kaset hanyar ba ta taɓa sauyawa. Karajan ya fi kusan kowane jagora na zamaninsa son na'urar naɗi, faya-fayansa sun cika kasuwannin duniya, amma bai dogara da su ba. A 1972 ya kafa makaranta a jikin ƙungiyar Berlin, inda matasa ke zama kusa da tsofaffin makaɗa suna koyon yadda gidan ke buga kiɗansa, har su shiga sahu a ranar wasa. Da ya mutu, makaɗan suka zauna suka jefa ƙuri'a a watan Oktoba na 1989, suka zaɓi Claudio Abbado ɗan Italiya, aiki ya ci gaba. Ƙungiyar ta girme shi, tun 1882 take, kuma albashinta bai rataya a wuyan mutum ɗaya ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta rubutu. Ana cewa Turawa suna rubuta kiɗansu da alamomi, shi ya sa mutuwar jagora ba ta girgiza su, mu kuwa namu a ka yake. Tarihin Amurka ya rushe wannan. A 1937 gidan rediyon NBC ya kafa ƙungiyar makaɗa takanas domin jagoran kiɗa Arturo Toscanini, aka tara gwanaye, komai nasu a rubuce. Da ya yi ritaya a 1954, kamfanin ya janye hannunsa. Makaɗan suka yi ta maza, suka sake suna, suka ci gaba da kansu, amma zuwa 1963 sun watse. Takardun suna nan ba abin da ya same su, mai ciyarwa ne ya tafi. Ashe abin da ya raba Berlin da NBC shi ne dai ya raba gidan kiɗan da ya ɗore da wanda ya mutu a ƙasar Hausa, wato wanda zai ɗauki nauyin mutane su zauna tare shekara da shekaru.

Mu ma muna da namu tsarin, kuma ba na raini ba ne. Gado shi ne makarantar: ɗa yana bin uba, ƙane yana bin wa, akwai daudun kiɗi da ke jiran ranarsa, akwai fada da ke ba da gona da doki da riga da hatsi. Wannan tsarin ne ya haifi Narambaɗa a Isa da Salihu Jankiɗi da shi kansa Ɗanƙwairo. Amma a idonsa ƙasa ta fara zamewa. An kashe Sardauna a ranar 15 ga Janairu 1966, sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna a shekarun da suka biyo, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba su da baitulmali. Ɗanƙwairo ya tsira ne domin sunansa ya riga ya fi fada ɗaya girma, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, ya yi wa 'Yandoton Tsafe da manyan attajirai. 'Ya'yansa da jikokinsa sun riƙe kotso bayansa, kuma sun cancanci yabo. Duk da haka mafi yawan abin da jama'a ke nema a wurinsu waƙoƙin tsohon ne, kuma ƙungiyar da take haɗuwa sai ranar naɗin sarauta ko biki, kowa ya koma neman abincinsa, da wuya ta samu sararin ƙera sabon abu mai nauyin na da.

A Kurfai ana ganin wannan lamari ta wata fuskar. Jagoran kiɗan da ƙasar ta fi sani shi ne mai goge a fagen bori, da masu ƙwarya zaune a gefensa suna bugu da 'yan sanduna. Kowane iska da takensa, kuma mai goge ne ke duban fage ya san lokacin da zai bar wannan ya kama wancan, masu ƙwarya su bi shi ba tare da ya waiwaye su ba. A ƙasar Filinge ne borin Hauka ya ɓulla wajen 1925, Faransawa suka kama mabiyansa, wasu suka bi hanyar Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim a Akara, fim ɗin ya fito a 1955. Duniya ta riƙe sunayen iskokin da labarin kamun, masu gogen da suka riƙe fagen kuwa suna can bayan labari. Yau da wa'azi ya tsananta a kan bori, ga rashin tsaro ya taƙaita taruka a arewacin Tillaberi, ɗan mai goge yana da dalilai da yawa na neman wata sana'a.

Gwamnatin Nijar ta taɓa gwada maye gurbin fada. Shugaban ƙasar na lokacin, Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu a yankin Filinge, ya farfaɗo da samariya, kuma daga 1976 bikin matasa na ƙasa ya riƙa zagaya manyan garuruwa, kowace jiha tana horar da ƙungiyarta wata da watanni kafin gasa. Daga baya aka kafa gasar Ɗan Gurmu a 1987, aka kuma buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai da tallafin Tarayyar Turai, aka sa mata sunan marigayi Alhaji Taya, ɗaya daga cikin jagororin kiɗan zamani na farko a ƙasar. Cibiyar ta yi abin a zo a gani. Ma'aikacinta Malam Maman Barka ne ya tafi bakin tafkin Chadi a 2002 da tallafin UNESCO, ya zauna gaban Bukar Tar, tsohon da ya rage cikin masu kaɗa biram na Buduma, ya koyo kafin tsohon ya rasu, ya kai biram har Turai. Amma biram kayan mutum ɗaya ne, ɗalibi ɗaya ya isa ya ceto shi, kuma ko shi ɗin, da Barka ya rasu a Nuwamba 2018 tambayar magaji ta sake tasowa. Kiɗan kotso irin na Ɗanƙwairo da gogen Kurfai ba a koyonsu ɗaya-ɗaya. Sai an ɗauki sahu guda cur, da jagora da masu bugu da masu amshi, a ba su abin da za su ci su zauna wuri ɗaya, kuma tallafin wata shida ko kyautar gasa ta shekara-shekara ba ta kai tsawon lokacin da Musa ya yi yana amshi a bayan Kurna ba.