South Fork: Madatsar Attajirai da ta Cinye Garin Johnstown

Tun bayan ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 maganar madatsun ruwa ba ta bar bakinmu ba, shi ya sa na ce bari in kawo mana tarihin wata madatsa mai suna South Fork, a jihar Pennsylvania ta Amurka.

Gwamnatin jihar ce ta gina ta da ƙasa da duwatsu, aka kammala a 1853, don ta riƙa ba hanyar jiragen ruwa ruwa. Da jirgin ƙasa ya zo, amfaninta ya ƙare, aka sayar da ita. Ta fashe a 1862, daga baya kuma aka ciro bututun ƙarfe biyar da ke gindinta, waɗanda da su ake rage ruwa, aka sayar wa 'yan gwangwan.

A 1879 wani Benjamin Ruff ya saye ta, ya kafa ƙungiyar kamun kifi da farauta ta attajiran Pittsburgh, irin su Andrew Carnegie da Henry Clay Frick. Gyaran da suka yi abin takaici ne. An cike ɓarakar da laka da ciyawa da rassan itatuwa, ba a mayar da bututun ba. An rage tsayin madatsar don kekunan dokinsu su samu faɗin wucewa. Sannan aka kafa raga a mafitar ruwa don kada kifi ya gudu. Ku duba fa, saboda kifi!

A 1880 Daniel Morrell, shugaban kamfanin ƙarfe na Cambria da ke Johnstown, ya aika injiniya ya duba, har ya ce zai ba da nasa kuɗin a yi gyara. Ruff ya ce babu wani haɗari.

Ranar 31 ga Mayu 1889 aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tarkace ya toshe ragar, ga shi babu bututun rage ruwa. Ruwa ya haura saman madatsar, ta ɓalle da misalin ƙarfe 3 na rana. Ruwan ya gangara kimanin kilomita 23 zuwa Johnstown, mutum 2,209 suka rasu, gidaje 99 ba wanda ya tsira a cikinsu.

Waɗanda suka tsira sun kai ƙara, amma babu kotun da ta sa ƙungiyar ta biya diyya. Wasu daga cikin 'ya'yanta sun ba da gudummawa, Carnegie kuma ya sake gina wa garin ɗakin karatu.